Jan Man da Na Rage

Lahadi, 2 ga wata, bayan la'asar

Na taɓa jin wata magana a tasha, tun ina jan babbar mota. Wani direba ne ya faɗa, ban tuna fuskarsa ba sai hularsa. Wai akwai motocin da ke canza giya da kansu, kuma in irinsu ta tsufa ba a taɓa mata man giya. Wai tsohon man ne ke riƙe da ita, ranar da ka taɓa shi ranar za ta kwanta. Na yi dariya har na ƙware da shayi. Na ce masa kakata da ta rene mu da tatsuniya ba ta taɓa yi mana wadda ta kai wannan ba, domin ita ko kura ta sa ta yi magana takan kawo dalili.

To ga shi yau irin motar ce a ƙofar gidana. Farar a-kori-kura, ta hannu, 'yarmu Auta ce ta kawo mini bara da gwiwata ta hagu ta ƙi taka kuloci. Abin takawa biyu ne kawai, birki da totur. Ƙafar hagu tana zaune a gefe kamar baƙon da ba a ba shi aiki ba.

Littafin nan ma Auta ce ta saya kafin ta koma garin da take koyarwa. Ta ce in riƙa rubuta ruwan da uwarta ta sha da nauyinta kowace safiya. Wannan a shafukan gaba. Na baya nawa ne.

Likitoci sun ce wankin ƙoda Litinin da Alhamis, ƙarfe takwas. Kada a fasa, kada a makara, domin kujerun shida ne, masu jira sun fi ashirin. Tsakaninmu da asibitin tafiyar awa ɗaya da rabi ce. Motar haya ba ta tashi sai ta cika, kuma ba zan yarda a matse ta ba, ga abin nan da suka liƙa mata a wuya. Don haka ni da farar motata ne. Na gode Allah da akwai ta.

Litinin, 3 ga wata, ƙarfe uku na rana

Mun je, mun dawo.

Takwas saura kwata muna bakin ƙofa. Ba a bari in shiga ɗakin. Akwai benci a baranda da wata taga mai rabin labule, ta nan nake hango ƙafafunta cikin bargo da gefen na'urar. Awa huɗu. Na san yawan tsagar da ke jikin bangon nan yanzu.

Da ta fito na ce, "Yaya?"

Ta ce, "Direba, ja mu tafi. Fasinja ba ta hira."

Shekara arba'in da ɗaya haka take ce mini in ba ta son tambaya. Ta yi barci tun kafin mu fita gari. Numfashinta ya fi na jiya sauƙi, na saurara.

Laraba, 5 ga wata, hantsi

Ubangidan da ya koya mini tuƙi yakan ce mota kafin ka tashe ta ake gaishe ta. Ruwa, baƙin mai, taya, birki, da sanyin safiya, inji a kashe. Ban taɓa saɓa wa wannan ba.

Amma akwai geji na biyu, ƙarfen auna man giya, can bayan inji, mai jan kai, wanda shekara guda ban zaro ba, tun da iyakata kasuwa da gona. Yau na ce tafiya ta zama ta gaske, bari in gaishe da kowa. Na zaro, na goge, na mayar, na sake zarowa. Mai ya wuce layin sama da yatsa biyu cur. Ja ne, kamar maganin tarin yara.

Wanda ya sayar da motar ya cika ta kamar mai zuba wa baƙo ruwa. Kowane direba ya san yawan mai ciwo ne, yakan fasa roba, yakan yi kumfa. Na shimfiɗa buhu, na kwanta da sifana, na sassauta notin da ke ƙasan giya, na tari kwalba guda. Gwiwata ta yi ta zagina, na ce ta yi haƙuri, aikin uwar gida ne.

Ina ɗaure noti mai hular nan na tasha ya faɗo mini. Na ce ai ni ban canza ba, ragewa na yi.

Alhamis, 6 ga wata, bayan azahar

Mun je, mun dawo.

Bayan gada akwai dogon hawa. A tsakiyarsa inji ya ɗaga murya, mota ba ta ƙara gudu ba, kamar numfashi uku, sai ta kama. Uwar gida ba ta ji ba. Ko ta ji ba ta ce ba.

Asabar, 8 ga wata, da yamma

Yau ta ci abinci ta nemi ƙari. Sannan ta yi faɗa da ni a kan kofin ruwa. Uku ne a yini, haka suka rubuta, ni kuma nake aunawa.

Ta ce, "Malam, ko kanari ka ba wa wannan ruwan sai ya kai ƙararka."

Na ce, "Ya kai. Alƙalin ma likita ne."

Ta juya mini baya tana mita. Mako uku rabona da jin mitar nan. Na zauna na saurara har ta gama.

Lahadi, 9 ga wata, bayan asuba

Kukan da inji ya yi a hawa bai bar ni ba. Na zaro jan gejin, har yanzu da ɗan saura sama da layi. Na ce to ga mai laifin. Na ƙara tarar wata kwalbar, ba ta cika ba sosai. Yanzu yana kan layi daidai kamar an auna da zare. Na ajiye kwalaben bayan tsohuwar taya.

Litinin, 10 ga wata, la'asar

Mun je, mun dawo. Amma.

Da safe na sa giya a harafin tafiya, mota ta tsaya tana tunani. Na ƙirga har biyar kafin ta yi tsalle ta kama. A hawa ta saki sau biyu, na riƙa lallaɓa totur kamar mai taka ƙwai. Takwas da minti ashirin muka shiga.

Nas mai tabarau, wadda ke kula da ɗakin, ta ja ni gefe. Ta ce, "Baba, na'ura ba ta san uzuri ba. Ƙarfe goma sha biyu wani zai hau. Duk mintin da kuka makara daga na Mama ake cire shi, ba daga nawa ba."

Na ce na ji.

Da muka dawo Tela maƙwabcina yana bakin shagonsa, tef a wuya. Tare muka tsufa a layin nan, bai taɓa barin magana ta wuce shi ba.

Ya ce, "Tsohon direba, me ka yi wa farar taka take kuka tun asuba? Ba dai man giyar ka taɓa ba? Surukina ya canza wa tasa, kwana uku ta kwanta, yanzu kaji ke ƙwai a ciki."

Na ce, "Kai da ba ka san wani mai ba sai na keken ɗinki."

Ya ce, "Shi ɗin dai bai taɓa barina a hanya ba."

 Na shiga gida.

Talata, 11 ga wata, hantsi

Auta ta kira. Uwarta ta gaya mata mun makara. Ta ce, "Baba, ka kai wa Guntu ya duba mana."

Guntu yaron motata ne a da, shekara tara yana bayana a babbar mota. Yanzu yana da gareji da furfura da tumbi, mutane na ce masa Injiniya. Ni na koya masa riƙon sifana. Ni na ranƙwashe shi a tsakiyar kai ranar da na kama shi yana duba mai inji na aiki. In je in tsaya gabansa in ce me? Kuma in ya buɗe ya ce ta mutu, sai ta kwana bakwai a kan rami, Alhamis kuwa jibi ce.

Na ce wa Auta ƙaramin abu ne.

Laraba, 12 ga wata, bayan asuba

Na duba. Yana kan layi. Geji ba ya ƙarya.

Alhamis, 13 ga wata, kafin magariba

Ƙarfe shida muka fita don in sami rara.

Mota ta hau rabin hawan. Daga nan inji ya yi ta ihu, mota tana komawa baya a hankali. Na taka birki, na ja na hannu, na sauka na sa dutse a bayan taya. Wani wari yana fitowa daga ƙasa, kamar an bar tukunya a wuta babu ruwa.

Masu fasa dutse a gefen hanya suka zo. Babbansu ya ce, "Baba, shiga mu tura ta tashi." Na ce inji a tashe yake, ƙafafun ne suka ƙi. Suka tsaya suna kallona, ni ma ina kallon kaina. Motocin da suka wuce duk a cike. Ɗaya ta tsaya, mai ita ya ce sai dai ta zauna a kan buhuna a baya.

Muka jira ta huce. Ita tana zaune, ta riƙe gyalenta a kan wuya, tana kallon gaba. Ba ta ce Direba ba, ba ta ce Malam ba.

Mutum biyar suka tura mu har kan tudu, Allah ya saka musu. Daga nan rarrafe, tsayawa uku. Ƙarfe goma muka isa. Awa biyu ta samu.

Nas mai tabarau ba ta ce mini komai ba. Da ta yi faɗa da ya fi mini.

Mun dawo. Gangara ce ta kawo mu.

Juma'a, 14 ga wata, da safe

Takalminta bai shiga ba.

Asabar, 15 ga wata, hantsi

A zaune ta kwana, da matasai uku. Nauyin da na rubuta a shafin gaba yau ba na son kallonsa.

Na kawo mata kofin farko. Ta karɓa ba ta yi mita ba. Ta sha rabi, ta ce, "Direba."

Na ce, "Na'am."

"Kwalaben nan biyu na bayan taya, na sha ne ko na shafawa?"



Ta ce, "Tagar nan ba ta da aiki sai kallonka, ni ma ba ni da shi. Ban san mota ba. Amma na san tun ranar da ka shiga ƙarƙashinta take tari." Ta tsaya ta huta, domin yanzu magana mai tsawo sai da hutu. "Ɗauki kwalabenka ka je wajen yaronka. In kunya ce ta yi maka nauyi, bar ta nan in riƙe maka. Ina zaune dama."

Na sa hula.

Asabar ɗin dai, bayan la'asar

Garejin Guntu rumfar kwano ce mai rami ɗaya, ƙasa duk ta sha baƙin mai ta yi tauri kamar siminti. Da ya hango ni ya ajiye abin da yake yi, ya rusuna da tumbinsa. "Maigida, da kanka? Ai da ka aiko." Ya tambayi jikin Mama, na ce da sauƙi.

Na ce giya tana saki a hawa. Iyakar abin da na ce ke nan.

Ya shiga ya zagaya da ita layi biyu don ta yi zafi. Ya dawo ya tsayar da ita inda ƙasa ta miƙe. Ya taka birki, ya bi haruffan giyar ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya ɗan dakata, ya mayar na tsayawa. Sannan ya fito ya buɗe bonet, inji yana aiki, ya kai hannu ga jan gejin. Bakina har ya buɗe zan ce kashe ta tukuna.

Ya zaro, ya goge, ya mayar, ya zaro, ya miƙo mini. Ɗan bakin ƙarfen ne kawai ya jiƙe. Layin ƙasa ma mai bai kai ba.

Ya hau da ita kan rami, ya shiga da tocila. Ya daɗe. Na ji muryarsa daga ƙasa. "Ba ta yoyo ko ɗigo, Maigida. Mai kuwa ba shi da fiffike." Can ya ƙara da cewa, "Notin nan ya sha sifana kwanan nan."

Ya fito. Ya ce wa abokan aikinsa biyu su je su sha shayi, shi zai ji da wannan. Sai da suka yi nisa na buɗe ƙofa na fito da kwalaben daga ƙarƙashin kujera, na jera su a kan bonet. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Bai yi dariya ba. Na so ya yi in sami abin yin fushi.

Ya ce, "Da safe ka duba, inji a kashe."

Na ce, "Yadda na koya maka."

Ya ce, "In inji na kashe, duk man da ke yawo a cikin giyar nan sai ya gangaro ya taru a ƙasa, geji ya nuna ya yi yawa. Sai inji ya tashi, kowane lungu ya ja rabonsa, sannan abin da ya rage shi ne gaskiya. Ita wannan da mai take tafiya. Shi ke matse mata faranti, shi ke sanyaya ta. Aikin da ƙafarka ta hagu take yi a da, yanzu shi ke yi."

Na ce, "Ni kuwa na ranƙwashe ka a kan haka."

Ya cire hula ya shafa tsakiyar kansa. "Wurin yana nan. Amma wancan baƙin mai ne, a kansa kai ke da gaskiya har gobe."

Na tambaye shi maganar da ake yi, cewa in an taɓa man tsohuwar giya sai ta mutu. Ya ce, "Mutum ne zai bar mai shekara goma, sai giya ta fara ciwo sannan ya kawo a canza. In ta ƙarasa sai ya ce canjin ne. Kamar wanda ba a kai shi asibiti ba sai da..." Ya tsaya. Ya ɗauki tsumma ya hau goge hannun da ba shi da datti.

Na ce, "Ƙarasa, na gane."

Ya ce sai gobe in ta huce zai kwance kwanon da ke ƙasan giyar ya ga abin da ke ciki. In farantan sun ƙone, aikin mako ne. In ba su ƙone ba, aikin yini.

Na ce, "Litinin ƙarfe takwas."

Ya ce, "Na sani, Maigida."

Ya kawo ni gida a babur ɗinsa. A da ni ke gaba.

Lahadi, 16 ga wata, bayan azahar

Tun bakwai ina gareji. Ya ba ni kujera na ƙi, na tsuguna a bakin rami da gwiwar da ba ta so.

Ya tsiyaye ragowar man a roba mai tsabta. Ya kwance notuna wajen goma sha takwas, ya bar biyu a gefe ɗaya don kwanon ya karkata a hankali. Ya fito da shi ya ajiye a rana tsakaninmu. A gindin kwanon akwai ɗan mayen ƙarfe da aka liƙa don ya kama duk abin da giya ta ci daga jikinta. Ya shafo shi da yatsa ya murza. Laushi, toka-toka, kamar kwalli. Ya sake murzawa yana neman tsini ko ɓarɓashi. Ya tsoma yatsa a man, ya shinshina, ya ɗiga a farar takarda ya ɗaga wa rana. Na ga likitoci da yawa a watan nan, babu wanda na kalli fuskarsa kamar yadda na kalli ta Guntu.

Ya ce, "Ta ji jiki. Amma ba ta ƙone ba."

Na zauna a kujerar.

Ya sa sabuwar filta, wato matatar man, da sabuwar robar bakin kwano. Ya zuba sabon mai da mazurari ta ramin geji, kaɗan kaɗan, yana tayar da inji yana dubawa. Ya ce ba zai wanke cikinta gaba ɗaya ba, tsohuwa ba a yi mata wankan ƙarfi. Bayan wata guda in dawo a sake canza rabi. Na ce ga kwalabena a mayar, kada su yi asara. Ya ce kwalbar da ta kwana bayan taya ba ta shiga giyarsa. "Ka ajiye su inda za ka riƙa ganinsu."

Wannan shi ne ranƙwashin. Na karɓa.

Ya ɗora wani mataccen inji a baya don nauyi, ya ce mu je inda ta ba ni kunya. Ni na tuƙa. Mun haye gada, hawa ya taso. Ta sauke giya ɗaya da kanta, ta kama, ta ja, murya ɗaya har sama. Masu fasa dutse suka ɗago mana hannu. Muka juya muka sake hawa, sau uku.

A kan tudu na ce bari in sauka in kama ruwa. Na je bayan wata bishiya na ɗan tsaya. Ba ruwan na je kamawa ba.

Litinin, 17 ga wata, la'asar

Bakwai da rabi muna bakin ƙofa, maigadin asibiti ma bai gama shara ba.

Tun daga gida nake ganin wani babur a madubi. Bai matso ba, bai ɓace ba. Da muka kai kan tudu ya juya. Ita ma ta gani a nata madubin. Ta ce, "Yaron nan ya yi tumbi." Iyakar abin da muka ce a kai.

Awa huɗu cur, nas mai tabarau ta ƙara mata rabin awa domin na bayanta bai iso da wuri ba. Da ta fito da ita ta ce, "Baba, yau ka kyauta." Kamar ɗan aji ɗaya na ji daɗi.

Mun je, mun dawo.

Talata, 18 ga wata, da safe

Takalmin ya shiga. Na hagun da ɗan turawa.

Alhamis, 20 ga wata, bayan azahar

Mun je, mun dawo. Ta yi mitar kofi a hanya tun daga gada har gida.

Asabar, 22 ga wata, da yamma

Tela ya kira ni da hannu, ya rage murya kamar mai sayar da kayan sata. Wai an ce wani tsohon direba a garin nan ya tsiyaye man giyarsa tas, galan guda, ya ce mota ta fi gudu in cikinta ba nauyi.

Na ce, "Kwalba biyu ne, ta biyun ma ba ta cika ba."

Ya saki baki, allura a leɓe. Shekara talatin ina neman abin da zai rufe bakin mutumin nan, ashe gaskiya ce. Sai da na kai ƙofar gida na ji dariyarsa ta biyo ni.

Litinin, 24 ga wata, la'asar

Sun ɗebi jini yau, sun ce sakamako sai Alhamis.

A hanyar dawowa sau uku ta ce in tsaya ta zaga. Na yi shekaru ina faɗa da fasinjan da ke yawan cewa a tsaya. Yau har ina rage gudu a kowane gidan mai ko za ta ce. Nas ta ce wannan ma in riƙa rubutawa a shafin gaba, kuma da ta faɗa na ga tana murmushi. Ban tambaya ba. Na koyi kada in ɗaga murfin tukunyar da ban san dahuwarta ba.

Alhamis, 27 ga wata, bayan azahar

Filin ajiye motoci na asibitin a miƙe yake, kuma in mun iso giya ta yi zafi daidai, don haka nan nake dubawa yanzu. Yau ta ce in yi abina, za ta shiga da ƙafarta. Na bi haruffa, na buɗe bonet, inji na aiki. Wani mai irin motata ya tsaya yana kallo, ya ce ba a kashewa? Na ce zo in nuna maka. Hira ta yi hira, har na kai shi tarihin babbar mota.

Sai ga maigadi da tsintsiyarsa. Ya ce, "Baba, an ce yau Mama ba za ta hau na'ura ba."

 Na duba agogo. Ba mu makara ba. Na ce, "Sun ba wani kujerar?"

Ya ce shi dai haka ya ji daga mai goge baranda.

Na nufi ciki, tsumma a hannu, na bar inji na aiki. Mai lemon bakin ƙofa ta tare ni, ta ce, "Baba, barka, barka." Na ce da me? Ta ce ai kowa ya ji. Waya ta yi ƙara a aljihu, Auta ce, tana magana tana kuka, ban tsinci komai ba sai "mako biyu" da "Baba, kana ina?" Uwarta ta kira ta kafin ta neme ni, ni da ke taku hamsin daga wurin.

A baranda nas mai tabarau ta ɗaga labulen tagar gaba ɗaya. Ta ce likita ya ga takardun jini, abin da ya yi barci a jikin Mama ya fara farkawa. Yau ba hawa. A dawo bayan mako biyu a sake gwaji kawai. In ya tsaya haka, za su cire abin wuyan.

Na ce, "To." Na sake cewa, "To." Na zauna a bencin, domin nan ƙafafuna suka sani.

Can sai ga ta ta fito daga ofishin likita, a hankali, jaka a hammata. Ta tsaya a kaina ta kalli hannuwana.

Ta ce, "Kai ne mai farar motar da ke ta ƙona mai a waje ba kowa a ciki?"

Na ce ni ne.

Ta zauna kusa da ni. Ta ce, "Malam, sun ce an ƙara mini kofi biyu. Kuma Litinin ka yi barcinka."

Maigadi ya faɗa mini, mai lemo ta faɗa, Auta ta faɗa, nas ta faɗa da dalilinta. Duk na ji, na ajiye. Wadda ta gaya mini a ƙarshe har na yarda, ita ce maiɗakina.